Shanuna suna ɓari, maraƙi ɗaya kuma ya ƙi girma: in sayar da bijimin ne?

Mai Turke:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin dabbobi da waɗanda suka daɗe a kiwo ku ba ni shawara, abin ya fara fin ƙarfina. Ina da shanu 19 a gona, yawancinsu bunaji, sai 'yan haɗi da Firishiyan, shanun Turai masu madara, guda huɗu da nake tatsa. Shekara shida ina kiwon nan ban taɓa ganin ɓari ba sai bana. Cikin wata takwas saniya biyu sun zubar da ciki, ɗaya a wata huɗu, ɗaya wajen wata shida. Uku kuma bijimi ya hau su, mun ɗauka sun riƙe, bayan sati biyar zuwa shida suka dawo suna neman sa. Wadda ta haihu makon jiya, maraƙin ya zo da rai amma ba ya iya tsayuwa daidai, yana tale ƙafafu, kansa na rawa, idonsa ɗaya da fari kamar yana. Sai an riƙe shi yake shan nono.

Abu ɗaya ne ya shigo garken daga waje: karsana mai ciki da na saya a kara bara. Ita dai lafiyarta lau, ta haihu ba wahala. Ɗanta ne ya ƙi gaba, watansa 13 amma ka ce ɗan wata shida ne, gashi a tashe, zawo yana zuwa yana tafiya. Yarana Gajere suke ce masa. Na yi wa garken allurar LA, wato maganin ƙwayoyin cuta mai daɗewa a jiki, sau biyu, na ba da maganin tsutsa da na hanta. Mai kula min da su ya ce bijimin ne ya lalace, in kai shi kasuwa in sauya. In sayar?

Baba Makiyayi:
Wa alaikumus salam. Yaro, kada ka yi gaggawar rabuwa da bijimi. In da shi ne ya mutu, ai ba za su ɗauki cikin ba balle su zubar. Duba gwiwoyin shanun, akwai mai kumburi kamar an cusa ruwa? Waɗanda suka yi ɓarin, mabiyiya ta faɗi da kanta ko sai da aka ciro? In ka ga waɗannan biyun to bakkale ne, ciwon nan mai sa shanu ɓari, mun san shi tun muna bin shanu da sanda.

Mai Turke:
Baba, babu mai kumburin gwiwa. Ta wata shidan mabiyiyarta ta kwana biyu kafin ta faɗi, ɗayar kuwa komai ya fito tare.

Ɗan Kara:
Alhaji kada ka wahalar da kanka. Ka ƙara musu kanwa da gishiri, ka sake yi musu LA, a haɗa da dekisa ta buɗe musu ciki su ci abinci. Rani ne kawai, bana kowa kuka yake.

Likitan Dabbobi:
Ɗan Kara, don Allah a cire dekisa daga maganar nan. Dekisametazon da kanta tana zubar da cikin saniya idan ya tsufa, mu ma da ita muke tayar da naƙuda in an rasa yadda za a yi. Kuma tana kwantar da garkuwar jiki. LA kuwa ƙwayar bakteriya take kashewa, ba ta taɓa bairos ko kaɗan.

Malam Mai Turke, ba a yanke wa cuta hukunci daga nesa, amma labarinka ya yi kama da wadda muke kira BVD, wato zawon shanu na bairos. Sunan yana yaudarar mutane, domin zawon shi ne ƙaramin aikinta, babbar ɓarnarta a mahaifa take. Likitocin jami'ar Cornell ne suka fara bayyana ta a jihar New York ta Amurka a 1946, kuma sai da aka kwashe shekaru masu yawa ana bincike kafin a gane yadda take zama a garke ta ƙi fita.

Cikin saniya kwana 283 ne ko kusa da haka, kuma abin da cutar za ta yi ya danganta da lokacin da ta riski cikin. In ta same shi a makonnin farko, ɗan tayin ya mutu ya narke, saniya ta dawo neman sa a makare, kamar ukun nan naka. In ta same shi a tsakiya, wajen kwana 100 zuwa 150, lokacin da ƙwaƙwalwa da ido suke haɗuwa, ko a yi ɓari ko a haifi maraƙi mai tangaɗi, makaho ko mai yana. Ɓangaren ƙwaƙwalwa na wajen ƙeya, mai riƙe daidaiton tsayuwa, shi ne ba ya cika. In ciki ya tsufa kuwa, maraƙin yakan yaƙi cutar da kansa ya fito lafiya.

Wanda ya fi damuna shi ne Gajere. Idan bairos ɗin ya shiga ɗan tayi kafin ya kai kwana 125, garkuwar jikinsa ba ta riga ta koyi bambanta nata da baƙo ba, sai ta ɗauki cutar a matsayin 'yar gida. Irin wannan maraƙin ana haifarsa da ita, ya mutu da ita. Yawunsa, majinarsa, fitsarinsa, kashinsa, kullum cutar yake zubarwa, a komin da suke ci da wurin shan ruwa. Uwar tasa tana iya warkewa sarai cikin mako biyu zuwa uku, ka auna ta ka ga ba komai, alhali tana ɗauke da shi a ciki. Shi ya sa karsana mai ciki daga kara take da haɗari ko da jikinta na sheƙi. Irinsu ba su da yawa, galibi ɗaya cikin ɗari ne ko ƙasa da haka, amma ɗaya ya ishi garke.

Ban ce a jingine zancen Baba ba. Bakkale ya fi zubar da tsohon ciki, kuma riƙe mabiyiya na cikin alamunsa, gwajinsa ma shi ne mafi sauƙi da arha, ɗigon jini ne a kan faranti, cikin minti huɗu an gani. A fara da shi.

Hajiya Mai Kindirmo:
Likita ya yi bayani, ni nawa na gida ne. Alhaji, madarar da kake tatsa, yara suna sha ɗanya? Don Allah a tafasa kafin a sha ko a ɗaura kindirmo, har sai an san ko mene ne. Ƙanena ya yi wata uku yana zazzaɓin dare da ciwon gaɓoɓi, ana ta ba shi maganin maleriya da taifod, ashe daga shanu ya ɗauka. Kuma wa ya kwashe abin da suka zubar ɗin? Da hannu?

Mai Turke:
Hajiya, da hannu yaron da ke kula min da su ya ɗauka ya jefa bayan gona, karnuka suka cinye. Madara kuwa muna tafasawa, sai dai shi yaron yakan sha daga ƙwarya.

Likitan Dabbobi:
Daga yau ko leda ce a sa a hannu, a haƙa rami mai zurfi a binne. BVD ba ta kama mutum, amma bakkale yana kamawa. In an sake ɓari kuma, Allah ya kiyaye, kada a binne sai an kira likita. A sa ɗan tayin da mabiyiyar a leda biyu, a ajiye cikin kula da ƙanƙara, a kai a ranar. Yawancin ɓarin da ake kasa gano dalilinsa, ko samfurin ya ruɓe ne ko an kawo ɗan tayi ba mabiyiya.

Ɗan Adar:
Salamu alaikum daga Tawa ta Nijar. Ina so in tambayi mai shanun: tumaki da awaki fa, su ma suna ɓari? Mu nan a damanar 2016, wajen Cintabaradan da Tasara, cutar zazzaɓin Rift ta faɗo muna. Sauro ke yaɗa ta. Bisashe suna ta zubar da ciki, 'yan raguna suna mutuwa, makiyaya da masu yanka da suka taɓa jini suka kamu, wasu suka rasu. Tun daga lokacin in na ji ɓari sai gabana ya faɗi.

Mai Turke:
Awaki tara nake da su, duk sun haihu lafiya.

Likitan Dabbobi:
To wannan ya rage zaton zazzaɓin Rift sosai. Shi a guguwa yake zuwa bayan ruwa mai yawa, cikin 'yan makonni ya share cikin tumaki da awaki kafin ma shanu, ba ya bin saniya ɗaiɗai har wata takwas. Saura ɗaya da zan so a duba, IBR, wata murar shanu ta bairos da ita ma take sa ɓari. In ka tuna an yi wata mura a garken, da jan hanci da hawaye da tari, makonni kafin ɓarin, ka faɗa wa likitan da zai zo. Ita wannan dangin bairos ɗin da ke fito wa mutum a leɓe ce bayan zazzaɓi: tana laɓewa a jijiya tsawon rai, wahalar tafiya ko yunwa ko dekisar nan ta tashe ta, kuma tana bin maniyyin bijimi.

Ka nemi likitan dabbobi na ƙaramar hukumarku ya ɗebi jinin manyan duka, da bijimin. Gajere, uwarsa da sabon maraƙin kuma a ɗan yanki fatar kunne kamar ƙwayar wake. A jariri fatar kunne ta fi jini, domin garkuwar da ya sha a dakashi tana iya rufe cutar a jini. Akwai cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda aka kafa a 1924 saboda yaƙi da bushiya, annobar shanu, akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya, Sakkwato da Maiduguri. A kira tukuna a tabbatar suna da kayan gwajin BVD a ƙasa kafin a ɗauki hanya. Yau ɗin nan kuma ka raba Gajere da masu ciki, da bokitinsa daban.

Ɗan Kara:
Duk wannan kuɗin gwajin ai ya kusa kuɗin maraƙin. Kawo shi ranar kasuwa, masu neman na kiwo ba sa ƙarewa, in ya sha dusa zai murmure a hannun wani.

Baba Makiyayi:
A'a. Ai haka aka yi masa shi ma, ko da wanda ya sayar bai sani ba. Shi kuwa yanzu ya ji. Wanda zai saya ɗin ma da masu ciki a rugarsa. In ta tabbata, mahauci kawai.

Likitan Dabbobi:
Maganar Baba ita ce. Irin wannan maraƙin ba ya warkewa, ba allurar da ke fitar da cutar. Da yawansu ba sa kai shekara biyu, rana ɗaya bairos ɗin ya rikiɗe a jikinsu, baki da hanji su yi gyambo, zawo ya ƙi tsayawa har mutuwa. In mace ce ta rayu ta haihu, ɗanta ma haka zai fito. Ƙasashen da suka ci ƙarfin cutar ta wannan hanyar suka bi: Suwidin da Norwe tun farkon shekarun 1990, ba tare da rigakafi ba ma, Suwizalan ta auna shanun ƙasar gaba ɗaya a 2008, Ailan kuma tun 2013 doka ce a auna kunnen kowane maraƙi da aka haifa. Nemo masu ɗauke da ita suka yi suka cire. Naman halal ne kuma ba ya cutar da mutum, sai dai a lissafa kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar LA tun daga allurar ƙarshe kafin a yanka.

Mai Turke:
'Yan uwa, na dawo bayan sati biyu. Gwajin bakkale bai nuna komai ba a duka garken, alhamdu lillahi. Bijimi, uwar Gajere da sabon maraƙin babu bairos a jikinsu, sai alamar sun taɓa haɗuwa da shi. Gajere kuwa an samu. An ce a sake ɗiba bayan sati uku don a tabbatar ba kamuwar wucewa ba ce. Na ɗaure shi a can ƙarshen gona. Ina da masu ciki huɗu yanzu, Likita, in nemo musu rigakafi?

Likitan Dabbobi:
Madalla, bijimi ya tsira. Kada ka sa wa mai ciki rigakafi mai rayayyen bairos, yana iya yi wa ɗan tayi irin abin da cutar take yi. Kuma shanun da suka shekara da Gajere galibinsu sun riga sun kamu sun warke, garkuwar da aka samu ta haka tana daɗewa. Abin da ya rage maka shi ne 'ya'yan da ke ciki. Duk maraƙin da aka haifa daga yanzu har wata tara zuwa goma bayan fitar Gajere, a ware shi tare da uwarsa daga sauran masu ciki har a auna kunnensa, ko da ya fito da ƙiba, don ba duka masu ɗauke da ita ke tsumburewa ba. Sabuwar dabba kuma ta yi wata guda a gefe, in mai ciki ce sai ta haihu an auna ɗan. Mai tangaɗin nan, tunda ba bairos a jikinsa, ba zai harbi kowa ba, amma tsayuwar ba za ta gyaru sosai ba, ka duba ko zai iya cin abinci da kansa.

Mai Turke:
Na gode, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na rubuta ranar da kowace ta ɗauki ciki a bangon sito. Ƙaramar 'yata dai ta ce ba wanda zai taɓa mata Gajere, tun jiya ita take kai masa ruwa. Na ce ta riƙa wanke takalminta kafin ta shiga wajen sauran.