Sabon rami ko wanda ya riga ya fara ba da zinare?

Abu Sadik, Gusau:
Salamu alaikum jama'a. Tun da gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai a Zamfara a Disamban 2024, mutum biyu suka same ni da magana. Ɗaya sabon fili ne a wajen Maru, ko rami ba a zurfafa ba, kuɗin shiga kaɗan. Ɗayan rami ne a ƙasar Anka da ya fara ba da zinare, amma kuɗin kasonsa ya ninka na farkon sau huɗu. Don Allah wanda ya taɓa zuba kuɗinsa ya gaya mini abin da idonsa ya gani.

Baban Halima, Bukkuyum:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ni sabo na shiga, arha ta ruɗe ni. Abin da ba a gaya mini ba shi ne a sabon rami kai ne mai ciyarwa. Yau gari ya ƙare, gobe fetur, jibi guduma ta karye, wani yaro ya ji ciwo sai a kai shi asibiti. Wata bakwai muna haka. Da damina ta sauka ruwa ya cika ramin, aka ce in kawo injin jan ruwa, na sayar da shanu biyu na kawo. Da ruwa ya janye muka ci gaba, jijiyar zinaren da muke bi a cikin dutse ta sirance har ta ɓace. Abin da ya fi ƙona mini rai, dutsen da aka niƙa a gabana ranar farko, wanda ya sa na yarda, ashe daga wani rami aka ɗebo shi.

Hajiya Mai Atamfa, Yawuri:
Allah ya mayar da alheri Baban Halima. Ni rami mai aiki na shiga, a ƙasar Ngaski, lokacin da aka kawo PAGMI, shirin gwamnatin tarayya na ƙananan masu haƙar zinare, Kebbi a 2020 kowa na zancen zinare. Gaskiya na ci riba, wata biyar ana kawo mini kasona. Daga nan sai ya riƙa raguwa. Mai ramin ya san jijiya ta kusa ƙarewa, shi ya sa ya nemi abokan tarayya. Uwar kuɗina dai ta dawo da ɗan abin da ba a rasa ba. Ƙanena, ka tambayi na Anka me zai yi da kuɗinka. In injin niƙa zai saya ko katakon tokare rami, da sauƙi. In aljihu zai sa ya janye jiki, ka yi hattara.

Injiniya, Birnin Kebbi:
Na yi aikin binciken ƙasa da wani kamfani shekara huɗu, bari in sa baki. Ku fara da takarda. A dokar ma'adinai ta 2007, ofishin rajistar filayen ma'adinai na tarayya ne ke ba da lasisi, yardar mai gona ko hakimi kaɗai ba ta isa. Lasisin bincike shekara 3 ne ana sabuntawa, kuma bai ba ka damar haƙa don sayarwa ba. Na ƙaramar haƙa shekara 5 ne. Sau da yawa mai sabon fili lasisin bincike yake riƙe da shi, yana yi maka lissafin riba kamar mai haƙa.

Manyan kamfanoni ma haka suke auna abin. Mahaƙar Segilola a jihar Osun sai 2021 ta fara fitar da zinare, bayan an daɗe ana huda ƙasa ana kai samfuri ɗakin gwaji a ga giram nawa ke cikin tan guda na dutse. Wanda ya sayi hannun jari kafin nan ya saya da arha, amma ya yi jira, kuma filaye da yawa da muka huda ba su taɓa zama mahaƙa ba. A nan gida ba a hudawa, da ido da sa'a ake shiga.

Ɗan Bagega:
Alhaji ka duba yadda suke niƙa. Mu da muka ga gubar dalma daga ƙurar dutsen zinare a 2010, yara sama da 400 suka rasu a Anka da Bukkuyum, har da ɗan yayata. Ramin da ake kai dutsensa cikin gida ana dakawa, ko kyauta aka ba ni kaso ba na so. Sannan ka sa tsaro a lissafi. Ramin da ya yi suna shi 'yan bindiga ke fara sa wa haraji, mun taɓa barin namu da kaya a ciki.

Abu Sadik, Gusau:
Na gode ƙwarai. Na Maru na ajiye shi tukuna. Ranar Asabar zan shiga Anka da buhunana, in sa a cika su daga ƙasan ramin a gabana. Injiniya, in niƙa a injinsu ko in kai wani wuri?

Injiniya, Birnin Kebbi:
Kai wani wuri Alhaji, kuma kada buhun ya kwana a hannun kowa. Ka ɗauko hoton lasisin ka turo mini lambarsa.