Ƙanena zai dawo daga Kanada da tsohuwar karyar ƙanƙara, anya za ta iya zafin Katsina?

Babban Yaya, Rafindadi:

Assalamu alaikum. Shawara nake nema, kuma don Allah a karanta har ƙarshe kafin a fara dariya.

Autanmu yana karatu a lardin Alberta na Kanada, shekara huɗu ke nan. Bara ya karɓi wata karya daga hannun masu nema wa dabbobin da aka sallama gida. Ba irin karen falo ba ce da Turawa ke rungumewa. Ma'aikaciya ce. Shekara bakwai ta yi tana jan amalanken ƙanƙara, wannan mara taya da ake ɗaura wa karnuka shida ko takwas su ja masu yawon buɗe ido cikin daji. Da ƙarfi ya fara ja baya aka yi mata ritaya, yanzu shekararta tara. Ya sa mata suna Dusa, wai daga dusar ƙanƙara. Hajiyarmu ta ce ita dusar da ta sani ta awaki ce.

Na san karyar nan kamar na taɓa ta, don duk kiran bidiyo tana kwance bayansa, ido ɗaya shuɗi ɗaya ruwan ƙasa. Watan farko ko matakalar bene ba ta san yadda ake hawa ba, ɗaukarta ya riƙa yi, kilo 22, har hawa na biyu. Ni kuma na san yadda yaron yake kafin zuwanta: sanyi ya kulle shi a ɗaki, waya sai ka kira sau biyar. Da ta zo, kullum bayan asuba suna waje, ya dawo da fara'arsa. Shi ya sa ban iya ce mashi shirme yake ba.

To a watan Afrilu zai gama, kuma ya rantse ba zai baro ta ba. Afrilu fa, jama'a! Gidanmu gidan gado ne, akwai kajin Hajiya goma sha ɗaya, tumaki biyu da ragon da ake kiwo don layya, wuta kuwa kun san halin da ake ciki. Akwai wanda ya san irin karnukan nan? Za ta rayu a nan?

Ma'aikacin dabbobi, Ƙofar Ƙaura:

Wa alaikumus salam Yaya. Ni aikina ke nan, kuma ba zan yi maka kwana-kwana ba: ban ba da shawarar a kawo ta ba.

Kare ba ya gumi irin namu, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Da haki yake fitar da zafin jikinsa. Zafin jikin kare lafiyayye digiri 38 zuwa 39 ne, in ya haura 41 an shiga hatsari, ƙoda da ƙwaƙwalwa na iya taɓuwa. Mu kuwa a Afrilu da Mayu iskar da zai shaƙa ma ta kan wuce 40. Ga gashinta ninki biyu ne, na ciki mai laushi kamar auduga, na waje dogo. Kada kuma wani ya ce a aske ta, aski ba ya magani, rana ce kawai za ta samu fatar.

Za ka ji an ce ai akwai masu irin wannan karen, wato haski, a Abuja da Legas. Akwai, amma yawanci a nan aka haife su ko an kawo su suna ƙanana, kuma suna kwana cikin AC. Mai shekara tara tsohuwa ce, irinsu 12 zuwa 15 suke yi. Sannan ga kaska. Karnukanmu sun saba da ita duk da haka tana kayar da su, balle baƙuwa. Ka ƙara da tafiyar: awanni a cikin akwati a ƙasan jirgi, canjin jirgi a Turai, takardar rigakafin haukan kare, takardar lafiya, izinin shigowa da dabba, sannan mota daga Kano, kilomita wajen 170, da tsakar bazara.

Ɗan Ƙofar Marusa:

Allah Sarki duniya. Mutane na neman kuɗin buhun gero, wani na neman tikitin jirgin kare. Yaya, ka ce mashi ya dawo da digirinsa kawai. In kare yake so, zan samo mashi ɗan kwikwiyo kyauta, har da igiya.

Malama, Daura:

Ɗan Ƙofar Marusa, ai bawan Allah nan ya ce a karanta har ƙarshe. Yaro ya ɗauki amanar rai, yana tsoron ya wofintar da ita, wannan ba abin dariya ba ne. Mun karanta mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Abin da za a duba shi ne, izinin ajiye kare da ya zo na farauta ne da kiwo da tsaron gona, ita kuwa wannan wanne za ta yi a Rafindadi? Wannan ku kai wa malaminku.

Ni mahaifina mafarauci ne, Allah Ya jiƙansa. Yana da wani baƙin kare Duna, da ya tsufa har haƙoransa suka zube, Baba ya daina fita da shi. Ranar da aka buga gangar farauta, mutane suka fita, Duna ya wuni yana kuka a turke, ya ƙi tuwo. Daga baya sai Baba ya riƙa zagayawa da shi bayan gari da sassafe, ba don su kamo komai ba, su dai je su dawo. A haka ya ƙara shekara biyu. Karen da ya tashi da aiki, ko ya tsufa zuciyarsa na wurin aikin. Taku ƙanƙara ta sani. In ta zo nan me za a nuna mata, yashi?

Injiniya, mazaunin Nowe:

Yaya, ni ɗan Katsina ne, ina arewacin ƙasar Nowe a Turai da aiki, kuma maƙwabcina yana da irinsu guda biyu da suka yi ritaya. Bari in faɗa maka abin da likita bai taɓo ba: kajin Hajiya. Wallahi kwana uku ba za su yi ba. Karnukan nan duk ƙaramin abin da ya gifta da gudu sai sun bi shi, kyanwa, zomo, kaza, ba mugunta ba ce, jininsu ne. Tumakin ma ban ba su tabbas ba. Kuma kada ka sa ran gadi. Ɓarawo zai shigo ta tarbe shi da kaɗa wutsiya. Ba su cika haushi ba, kuka suke ja mai tsawo irin na kyarkeci, ka ƙiyasta wannan da ƙarfe biyun dare a cikin unguwa. Suna haƙa rami ƙarƙashin katanga, in kuma suka samu ƙofa a buɗe gudu suke miƙewa, kira ba ya dawo da su.

Ka san irin jinin da ake magana? A jihar Alaska ta Amurka akwai tseren karnukan ƙanƙara mai suna Iditarod da ake yi duk watan Maris tun 1973, daga garin Ankorej zuwa garin Nom, kilomita wajen 1,600. A 1925 da cutar mashaƙo ta ɓarke a Nom, karnuka ne suka yi karɓa-karɓa suka kai magani cikin kwana biyar da rabi. Karnukan maƙwabcina har yau in ka ce masu "ji" dama suke yi, "ho" kuma hagu. Ranar farko na ce wa ɗaya "ji mana" da Hausa, ya kwashe ni sai cikin kwata.

Abu mafi muhimmanci, autanku ya ɗauko takardar da ya sa wa hannu ranar karɓarta. Yawancin masu ba da karnukan nan suna rubuta cewa in ba za ka iya ci gaba da riƙo ba, su za ka mayar wa. Ya kira su tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya. Su nemi gida a can, ya riƙa kai ta tana kwana ɗaya biyu har ta saba kafin ya taso.

Babban Yaya, Rafindadi:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Ɗan Ƙofar Marusa, ajiye kwikwiyonka tukuna.

Jiya bayan isha'i na kira shi na karanta mashi duka. Maganar likita ya yi ta musu, wai zai sayi sola da inbata, AC ba zai mutu ba. Na ce to, da asuba ina za ka kai ta gudu, kuma wa zai zauna da ita in ka tafi bautar ƙasa? Da na zo labarin Duna sai ya yi shiru. Can ya ce in dakata, ya je ya binciko takardar, kuma Injiniya maganarka ce, sharaɗin yana shafi na biyu. Ya ce akwai wata dattijuwa da suke haɗuwa wurin zagaye, tana da tsohon kare namiji, Dusa na yarda da ita. Bai ce ya haƙura ba, ya dai ce zai yi mata magana ranar Asabar.

Hajiya tana gefe tana jin mu. Da na kashe wayar ta ce a dai kira magini ya duba akurkin kajin, don ita ba ta yarda da auta ba sai ta ga ya sauko daga mota shi kaɗai.