Wai Samanja soja ne da gaske ko a wasa kawai ya sa kaki?

Ɗan_Garwa84:
Salamu alaikum jama'a. Gardama ce ta kaure jiya a wajen mai shayin kartiyenmu har shayina ya huce ban sha ba. Wani yaro ya buɗe tsohon bidiyon Samanja a wayarsa muna ta dariya, sai baffana ya ce ai mutumin nan soja ne na gaske kuma ma ba Bahaushe ba ne, ni kuma na ce haba Baffa, wanda yake wannan ɓarin baki haka ina shi ina aikin soja, ya ce to je ka tambaya. To ga ni na zo. Kuma wai menene sunansa na yanka? Don wallahi tun ina yaro Samanja kawai na sani.

Malam_Binuwai:
Wa alaikumus salam. Yaro ka je ka ba Baffa haƙuri, shi ke da gaskiya. Sunansa Usman Baba Pategi, Banufe ne daga Pategi ta jihar Kwara a bakin kogin Neja, kuma ɗan gidan sarauta ne. Ya yi aikin soja sosai, ya yi aikin gidan rediyo a Kaduna, kuma a Kadunan Allah ya yi masa rasuwa ranar 12 ga Nuwamba 2023. Allah ya jiƙansa. Shi kansa sunan Samanja ai muƙamin soja ne da bakin Bahaushe ya lanƙwasa, kamar yadda aka yi kofur da saje da kyaftin.

Mu nan Garwa ta Kamaru da kunne muka fara saninsa ba da ido ba. Lokacin tele ba kowane gida ba, amma Rediyon Kaduna tana shigowa a gajeren zango, mahaifinmu yana da wata rediyo mai rigar fata da aka ɗaure murfin batir ɗinta da roba, idan ta fara shuuu sai ya ɗaga ta sama yana juya eriya mu kuma mun yi tsit a tabarma kar a kore mu. Sai daga baya da kaset ya fara shigowa ta Yola da Mubi na ga fuskarsa, na ce ashe haka yake.

Abin da mutane ba su lura ba shi ne Hausar tasa. Hausar bariki ce, ta sojan da ya koyi harshen a bakin aiki, namiji ya koma mace mace ta koma namiji, ga Turancin buroka a tsakiya. Mutumin Kano yana dariya don yana jin an karya masa harshe. Mu kuwa dariyarmu daban ce, don mun san mai irin wannan magana, jandarman da aka turo daga kudu yana ciniki a kasuwa haka yake yi, mu ma kanmu in mun haɗa Hausa da Fulatanci da Faransanci a jimla guda 'yan Najeriya kallonmu suke. Kuma wanda bai zauna bariki ba ba zai iya kwaikwayon wannan ba, tsawar da tsayuwar da yadda yake zare wa ƙananan sojoji ido duk abin da ya gani ne da idonsa.

Ummu_Hanifa:
Allah sarki. Ni abin da ke ba ni tausayi da irin waɗannan 'yan wasa sunan wasa yakan cinye na gaskiya. Ibro ma haka, mutum nawa ne za su ce maka Rabilu Musa kai tsaye? Shi ma fa gandiroba ne kafin fim, ya rasu Disamba 2014. Kasimu Yero ne ma ya ɗan tsira da sunansa, shi kuma 2017 ya rasu. Kuma su ne gishirin, jarumi da jaruma su yi ta rawa da waƙa ka manta fim ɗin bayan sati, amma tsohuwar da ta fito a uwar miji minti biyar tana nan a kanka. Ku tuna hirar Ladin Cima da BBC Hausa a 2022 da ta yi maganar ɗan abin da ake ba ta, yadda Kannywood ta ɗau zafi.

AbbaKusiri:
Ummu Hanifa ban yarda duka ba gaskiya. Cinye sunan ai shi ne nasarar, wanda ba a tuna sunan wasan nasa ba shi ne abin tausayi. Kuma kullum sai mu tsallaka Najeriya, ga namu nan ƙetaren gada daga Kusiri, a Njamena ta Chadi, ɗan wasa Youssouf Djaoro. A fim ɗin Daratt na 2006 ya fito mai gidan burodi da ba ya iya magana sai ya kafa wata na'ura a maƙogwaro, a fim ɗin darakta Mahamat-Saleh Haroun na 2010 da ya ci kyauta a bikin finafinai na Cannes kuma ya fito tsohon gwanin ninƙaya mai kula da wurin wanka na otal. Shi da Samanja hannun riga ne, wancan baki wannan shiru, sai ya yi minti guda bai ce uffan ba kai kuma ka kasa ɗauke ido. Na nuna wa abokaina suka ce fim ɗin ba waƙa, suka tashi suka bar ni.

Ɗan_Garwa84:
To na sha ƙasa. Malam na gode, Allah ya ƙara sani. Matsalar ita ce mun yi da Baffa wanda ya faɗi zai biya shayi da burodi na sati guda, kuma shi ba ya sha sai da madara da ƙwai biyu. Abba turo min sunan fim ɗin na biyu ta WhatsApp in kuran, wato wutar lantarki, ya dawo in nema.