Neman shawara: wasannin takobi da tsafi na gidan gem, shin suna da armashi a na'urar gida?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan wasannin nan na takobi da tsafi da dodanni waɗanda aka fara ƙera su domin manyan akwatunan gem masu cin kwandala, irin su Golden Axe da Gauntlet da Knights of the Round. Ina da na'urar Switch a gida, kuma ina son wasan da ni da 'ya'yana biyu za mu buga tare a allo ɗaya, ba wanda kowa zai koma gefe da nasa ba. Abin da ya tsayar da ni shi ne maganganu biyu da na ji. Wani ya ce waɗanda aka juyo zuwa tsofaffin na'urorin gida irin su Mega Drive da Super Nintendo an zaftare su sosai, wani kuma ya ce ko da an kawo na asalin ba tare da ragi ba, cikin awa guda ake gamawa, kuma ba wanda ke marmarin komawa. Wanne ne gaskiya, kuma da wanne kuke ganin ya kamata in fara?

Tsohon Ɗan Wasa:
Wa alaikumus salam Malam. Dukkan maganganun biyu suna da ƙamshin gaskiya, amma ba zamani ɗaya suke magana a kai ba. Ragin da aka gaya maka ya faru ne a tsofaffin na'urori, domin akwatin gidan gem ya fi su ƙarfi nesa ba kusa ba. Injin akwatin gidan gem na kamfanin Capcom mai suna CPS-1, wanda Knights of the Round da The King of Dragons suka fito a kansa a 1991, yana nuna ɗigo 384 a faɗi, alhali Super Nintendo tana nuna 256, kuma ƙwaƙwalwarta ba ta kai tasa sauri ba. Shi ya sa da wasannin biyu suka iso Super Nintendo a 1994, aka mayar da 'yan wasa daga uku zuwa biyu, aka kuma rage yawan abokan gaba da ke fitowa a allo lokaci guda. A wasan da daɗinsa shi ne a kewaye ka ta ko'ina ka nemi mafita, wannan ragi ba ƙarami ba ne. Haka Gauntlet na 1985, wanda kamfanin Atari ya yi domin mutum huɗu su tsaya kafaɗa da kafaɗa, ya koma na mutum biyu a NES, tsohuwar na'urar Nintendo, kuma sai a 1993 masu Mega Drive suka samu Gauntlet IV da ke ɗaukar mutum huɗu idan an haɗa abin ƙara hannaye.

Wannan duk tarihi ne a wajenka. Tun da Switch ce gare ka, nemi Capcom Beat 'Em Up Bundle na 2018, wanda ya tattara wasanni bakwai, daga cikinsu har da Knights of the Round da The King of Dragons, kuma ainihin na gidan gem ne, da mutum uku kamar yadda aka tsara su tun farko. Kai da yara biyu, lissafi ya cika daidai.

Mai Tara Kaset:
Yaya ya faɗi gaskiya game da ƙarfin na'ura, amma ina ganin ya wuce magana ta biyu da sauri, kuma ita ce ta fi muhimmanci. Waɗannan wasanni an gina su ne a kan kwandala. Mai akwatin yana son ka mutu bayan 'yan mintuna domin ka sake jefa kuɗi, kai kuma kana son kwandala ɗaya ta kai ka nesa, to daga wannan ja-in-ja ne duk zafin wasan yake fitowa. Gauntlet ma bai ɓoye ba: ƙarfin jikin ɗan wasanka yana raguwa da kansa ko ba wanda ya taɓa shi, kuma abinci ko kwandala ne kawai ke ƙara shi. Idan aka kawo irin wannan wasa gida aka ce ka ci gaba sau nawa ka ga dama, mutuwa ba ta da wani farashi, saboda haka ba wanda zai damu ya koyi kāre sara ko tattalin tsafinsa. Yara za su yi ta danna maɓalli ɗaya har su ga ƙarshe, su ce ba komai a ciki, alhali ba su ma fara buga wasan ba.

Wannan ne ya sa nake ganin wasu tsofaffin juyi sun fi dacewa da gida, duk da raginsu. Golden Axe ya fito a gidan gem a 1989, ya iso Mega Drive a ƙarshen wannan shekarar, kuma duk da launukansa sun ragu da sautinsa ya ɗan shaƙe, Sega ta ƙayyade sau nawa za ka ci gaba, ta ƙara matakai bayan an kayar da babban abokin gaba Death Adder, ta kuma sa wani sashe na fito-na-fito. Mutanen da suka juyo shi sun san cewa wanda ya saya zai zauna da shi watanni, don haka suka gyara shi bisa wannan. Matsalarsa a wajenka ita ce mutum biyu yake ɗauka, sai dai ku riƙa karɓa-karɓa.

Uwar Biyu:
Malam, shawarar da zan ba ka ta aiki ce. Ka sayi tarin Capcom ɗin da aka ambata, amma ku kafa doka tun kafin a kunna: kowane mutum yana da damar ci gaba sau uku, wanda ya cinye nasa ya ajiye hannu ya zama ɗan kallo, idan kuma duk an faɗi a koma farko. A gidana wannan ne ya sauya komai, domin nan take yara suka fara raba abincin da ke faɗowa bisa wanda ya fi jigata, maimakon wawaso. Ka fara su da The King of Dragons, saboda yana da jarumai biyar, kuma ƙaramin cikinsu zai iya ɗaukar maharbin kibiya ko boka ya tsaya daga nesa, kai kuma ka ɗauki mai garkuwa ka shiga gaba. Matakansa gajeru ne, makamai suna ƙara ƙarfi a hankali, yaro yana ganin ci gabansa da ido. Knights of the Round ya fi tsauri, domin wanda bai iya kāre sara a daidai lokacinsa ba ba zai yi nisa da jarumansa Arthur ko Lancelot ko Perceval ba, saboda haka ka bar shi sai hannunsu ya faɗa.

Mai Gyaran Na'ura:
Ƙarin bayani kaɗan ta fuskar talabijin. An tsara waɗannan wasanni ne domin tsohuwar talabijin mai ƙeya, wadda take nuna motsi kusan a daidai lokacin da ka danna. Talabijin ta zamani tana sarrafa hoto kafin ta nuna shi, kuma wannan ɗan jinkiri ya isa ya lalata kāriyar da Hajiya ta ambata. Ka shiga saitin talabijin ka kunna abin da aka rubuta wa Game Mode, sannan kada ka miƙe hoton ya cika allo, ka bar shi a fasalinsa na 4:3 ko da baƙin fili zai rage a gefe.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan bi dokar ci gaba sau uku. Tambaya ɗaya ta rage: idan muka gama waɗannan, akwai wanda ya fi su zurfi, wanda ba sai mun ƙirƙira masa doka ba kafin ya riƙe mu?

Tsohon Ɗan Wasa:
Akwai, kuma a ganina shi ne ƙololuwar wannan fanni: Dungeons & Dragons: Shadow over Mystara na 1996. Yana ɗaukar mutum huɗu, jarumai shida ne, hanya tana rabuwa ku zaɓi inda za ku bi, ana sayen kaya tsakanin matakai, kuma akwai ɗakuna da makamai a ɓoye waɗanda ba za a gani a zagaye ɗaya ba, don haka ko ba a ƙayyade ci gaba ba, akwai dalilin komawa. Tarihinsa a gida ya nuna wahalar abin: a 1999 ya fito a na'urar Saturn ta Sega a Japan kaɗai, yana buƙatar kaset na ƙarin ƙwaƙwalwa, kuma duk da haka mutum biyu kawai ya ɗauka. Cikakkensa ya zo ne a 2013 da sunan Chronicles of Mystara, a PlayStation 3 da Xbox 360 da Wii U da kwamfuta, ba ya cikin tarin da za ka saya, saboda haka idan kana da kwamfuta ka haɗa mata hannaye uku ku buga a can. Idan kuma wata rana ka samu PlayStation 4, akwai Dragon's Crown Pro, wanda jagoransa George Kamitani ya yi aiki a kan Tower of Doom, wasan da ya gabaci Shadow over Mystara, a Capcom, kuma shi tun farko domin gida aka yi shi. Sai dai zanen wasu mata a cikinsa bai dace da ƙananan yara ba, ka duba shi kai kaɗai tukuna kafin ka kira su.