Neman shawara: mu koma kwamfuta ko mu ci gaba da kati da fayil?

Maman Iman:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ke kula da harkokin gudanarwa a wani ɗan asibiti mai zaman kansa a Kano, gado goma, likita ɗaya, da ɗakin awo da ɗan famasi. Abin da ya ishe mu shi ne kati. Mara lafiya ya zo ya ce nasa ya ɓace, a shiga ɗakin fayil a yi ta tono, in an gaji a buɗe masa sabo. Akwai matar da muka gano fayil uku gare ta. Ƙarshen wata kuma lissafin magani da kuɗin da aka karɓa ba sa haɗuwa. Wani kamfani ya kawo mana manhaja, ya ce komai za ta yi, amma biyan shekara-shekara ne kuma sai da intanet. Dakta yana ɗari-ɗari. Waɗanda suka riga mu shiga, ku ba mu shawara don Allah.

Likitan Tudun Wada:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ku ɗauki komai a rana ɗaya. Ku fara da wuri biyu: teburin rajista da famasi, don nan ne lokaci da kuɗi suke zurarewa. Da zarar kowane kwalin magani da ya shigo an shigar da shi da ranar lalacewarsa, kuma ba a fitar da ko ƙwaya ɗaya sai da rasit, to rabin rigimar ƙarshen wata ta ƙare. Manhajar kirki za ta nuna miki wanda ya kusa lalacewa a fara sayar da shi, ta kuma sanar da ke tun maganin zazzaɓin cizon sauro na ACT ko ruwan ƙari bai ƙare ba, musamman da damina. Sannan tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 mutane suka koma tiransifa da POS, don haka rasit ɗin ya riƙa nuna hanyar da aka biya, ba sai an zauna da dare ana bin alat ɗaya bayan ɗaya ba. Rubutun likita kuwa ku bar shi a takarda tukuna. Ku ƙyale Dakta, in ya ga layi ya ragu da kansa zai nemi a koya masa.

Injiniya Sabon Gari:
Hajiya, kafin manhaja, yaya wutarku? Tun da aka kai kuɗin wutar Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, Naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024 da yawa suka koma sola, kuma kwamfuta biyu da firinta da rauta (na'urar da ke haɗa kwamfutoci da juna da intanet) ba sa cin wuta, ƙaramar inbata ta ishe su. Ni ban yarda da wadda sai da intanet ba. Ranar da sabis ya ɗauke, asibiti ya tsaya ke nan? Ku nemi wadda za a ɗora a kwamfuta ɗaya cikin asibitin, sauran su haɗu da ita ta rauta. Akwai na kyauta irin OpenMRS, wadda aka fara a Kenya, da Bahmni, wadda aka gina a Indiya saboda asibitocin karkara, ta haɗa rajista da ɗakin gwaji da famasi. Kyauta fa ba ta nufin ba kashe kuɗi, sai kun biya mai ɗora muku da mai kula da ita. Kuma kowane yamma a kwafe bayanan a wani faifai daban a kai gida.

Sista Ladi:
Ni ungozoma ce, bari in faɗi abin da masu sayarwa ba sa faɗa. Lambar waya ba ta isa shaidar mutum a wajenmu ba. Waya ɗaya ce ta maigida, mata biyu da yara tara duk ita za su bayar. Aisha Muhammad kuma a unguwa ɗaya za ki samu goma, ga shi ba kowa ya san ranar haihuwarsa ba. In ba ku tilasta a rubuta unguwa da sunan miji ko uba ba, fayil ukun nan zai dawo, a kwamfuta wannan karon. Inda na ga amfani ƙwarai shi ne tunatar da masu awo da rigakafi. Manhajar ta fito da sunayen jariran da suka cika sati 6, 10, 14 da wata 9, mu kuma mu kira ko mu tura saƙon murya da Hausa. Saƙon rubutu da Turanci ba mai buɗewa.

Abu Hanif:
Gado goma? Excel ma ya ishe ku, ku riƙe kuɗinku.

Injiniya Sabon Gari:
Malam Abu, a Excel kowa zai iya goge layi ba wanda ya sani. Wurin da ake zargin kuɗi na ɓacewa dole kowane ma'aikaci ya shiga da sunansa da lambar sirrinsa.

Barista:
Tun Yunin 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a, kuma bayanan lafiya suna cikin masu tsauri. Ku daina tura sakamakon gwaji a zauren WhatsApp na ma'aikata. In za ku sa hannu da kamfani, a rubuta cewa bayanan naku ne, kuma duk ranar da kuka rabu za su miƙa muku su yadda za ku iya buɗewa.

Maman Iman:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Muna karɓar masu inshora kuma, can ma takardun neman biya suna cinye mana kwanaki.

Likitan Tudun Wada:
To ki sa wannan cikin gwajin da za ki yi wa kamfanin. Ki ba su marasa lafiya na mako ɗaya su shigar a gabanki, su fitar miki da takardar neman biya yadda hukumar inshorar lafiya ta ƙasa (NHIA) ko ta Jihar Kano (KSCHMA) suke karɓa, da rahoton wata da kuke kai wa ƙaramar hukuma don a saka a DHIS2, manhajar da gwamnati ke tattara bayanan lafiya da ita. Ki zo da yarinyar da ke teburin kati ta gwada da hannunta, sannan ki zare rauta daga intanet ki ga ko aiki zai ci gaba.