Neman shawara kan al'adar ciyar da jarirai

Ina aikin wayar da kan mata game da tamowa, kuma wata matsala ta gagare ni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shayar da jariri nonon uwa zalla har wata 6, a fara da dakashi domin yana kare shi daga cututtuka. Iyayen suna amincewa, amma a gida kakanni ne ke yanke hukunci, sai a zubar da dakashin, a ɗura wa jariri ruwa, wanda idan ba shi da tsabta yake jawo gudawa. Abin yana damuna ƙwarai. Don Allah, ta wace hanya zan shawo kan kakannin nan ba tare da sun ji an raina su ba?