Siginar haƙoran zarto: abin da masu gyara suka faɗa a Alaba

Ranar Asabar a kasuwar Alaba da ke Legas, wani ɗalibi daga Agege ya zo shagon masu gyara da allon lantarkin da ya haɗa yana ƙorafi: siginar haƙoran zarto yake so, wato mai hawa a hankali ta sauka da sauri, amma a fuskar osiloskof, na'urar da ke nuna siffar sigina, hawa da sauka tsawonsu ɗaya.

Dattijon shagon ya ce, "Ɗana, tsarinka daidai ne." Ya yi bayani cewa rasista tana shiga ƙafa mai alamar ragi ta op-amp, wato ɗan guntun da ke ƙara ƙarfin sigina, kafasita kuma tana tsakanin ƙafar nan da mafita. Da rasista 10k da kafasita 100nF, bolt 1 a mashiga na motsa mafita bolt 1 kowace milisakan. Saukar ce ke buƙatar gajeriyar hanya: a jera dayod 1N4148 da rasista 1k a gefen 10k ɗin, sai ta yi sauri kusan ninki goma. In ana son faɗuwa tsaye cak, a sa tiransista ta zubar da cajin kafasitar da zarar kwamfareta, mai gwada bolt biyu, ta ba da alama. Ya ce shi wannan ya fi so.

An ɗan yi gardama kan LM741, op-amp ɗin da ke allon ɗalibin. Bolt 0.5 kawai yake iya hawa a maikurosakan, TL072 kuwa wajen 13, don haka aka ce ɗalibin ya sauya. Kafasita mai ruwa kuma tana yoyon caji, aka ce ya nemi ta fim.